Doka a takarda, yaro a masaƙa: yadda ya kamata mu koyar da wannan babi

A yawancin azuzuwan tarihi na koleji da lise a Damagaram, babin juyin masana'antu yana ƙarewa ne da jerin shekaru a kan allo. 1833, Ingila ta taƙaita aikin yara a masaƙu. 1841, Faransa ta bi sahu. 1884, an halatta sandika a Faransa. 1919, awa takwas a rana. Yara su kwafe a kaye, su haddace, ranar jarrabawa su mayar wa malam kayansa yadda ya ba su. Shekarun duk daidai ne. Abin da ɗalibi ke fita da shi ne ke da matsala: wai injuna sun zo da wahala, wasu masu tausayi suka yi doka, wahala ta ƙare. Wanda ya yarda da wannan a kan Ingila ta 1833 zai yarda da shi a kan kowace doka da aka karanta masa a rediyo gobe.

Ra'ayina shi ne a rage jerin shekarun, a sa wa yara takardun zamanin a gabansu, su auna da kansu. Babu babin da ya fi wannan dacewa da aikin, domin gyare-gyaren da suka biyo bayan masana'antu an yi su ne da rigima, kuma kowane ɓangare ya bar shaidarsa a rubuce: ma'aikata, masu masaƙu, likitoci, ƴan majalisa, sufetoci. Ba kuma labarin wata duniya ba ne da ba ta shafe mu ba. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya sauka a Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa ya ga yadin Manchesta a kasuwar Kano, yadin da ayari ke ɗaukowa daga Tarabulus ta Gat da Abzin. Yaran da za mu karanta shaidarsu suna cikin masu saƙa irin tufafin da kakanninmu suka yi ciniki.

A fara da rahoton Sadler, domin shi ne littattafai suka fi ɗebo wa. Michael Sadler ɗan majalisar Ingila ne da ya kawo ƙudurin taƙaita aikin yara a masaƙu zuwa awa goma a rana, aka ba shi shugabancin kwamitin bincike a 1832. Cikin waɗanda suka ba da shaida akwai Matthew Crabtree, mai shekara 22. Ya ce ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 8, yana aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare da hutun awa ɗaya da rana, in kasuwa ta buɗe kuma daga 5 na asuba zuwa 9 na dare. Aka tambaye shi abin da ke faruwa in ya makara, ya ce galibi dūka ne. Aka sake tambaya ko dūkan mai tsanani ne, ya ce mai tsanani ƙwarai. Duk ɗalibin da ya karanta wannan sai jikinsa ya yi sanyi, kuma ya kamata ya yi. Amma aikin malami bai ƙare a nan ba.

Sai a ce wa yara su rufe amsoshin da hannu su karanta tambayoyin kaɗai. Nan take wani zai lura cewa kalmar tsanani daga bakin mai tambaya ta fara fitowa, mai shaida ya karɓa ne kawai. Daga nan malam ya ƙara musu abubuwa uku da takardar ba ta faɗa ba. Shugaban kwamitin shi ne mai ƙudurin da ake bincike a kansa. Ƙungiyoyin masu neman rage awoyi sun taimaka wajen kawo shaidu. Sannan an rufe majalisa kafin a saurari masu masaƙu, aka buga shaidar ɓangare ɗaya yadda take. Crabtree kuma yana ba da labarin abin da ya same shi shekara goma sha huɗu baya, ba halin da masaƙu ke ciki ranar da yake magana ba.

A nan ne darasin ya fi lalacewa, kuma a nan ya kamata malami ya fi tsayawa. Da zarar yara sun gane cewa mai shaida yana da ɓangare, sai su tsallaka zuwa ɗaya gefen: ashe duk ƙarya ce. Za ka ga an rubuta a takardar amsa, wannan shaida ba abin dogara ba ce domin marubucin yana da son rai, a ɗiga aya, a wuce. Wannan amsa ba ta fi haddar da muke gudu ba, ita ma hadda ce. Babu takardar tarihi da marar ra'ayi ya rubuta. Abin da ake so ɗalibi ya iya shi ne ya ce: wannan shaida tana da ƙarfi a kan kaza, tana da rauni a kan kaza. Crabtree ganau ne a kan awoyin da ya yi da dūkan da ya sha. Ba shi da ikon gaya mana ko haka kowace masaƙa take daga Leeds zuwa Glasgow.

Maganin wannan tsalle shi ne takarda ta biyu da ta uku. Masu masaƙu sun yi ƙorafi, gwamnati ta naɗa wata hukumar bincike a 1833, Edwin Chadwick na cikin jagororinta. Ma'aikata ba su yarda da ita ba, sun ɗauke ta dabarar masu kuɗi ce ta ja lokaci, har suka yi mata zanga-zanga a garuruwan da ta je. Duk da haka hukumar ta dawo ta ce yara ƙanana suna yin awoyi daidai da manya, kuma hakan na cutar da lafiyarsu da karatunsu. Ga kuma Friedrich Engels, ɗan gurguzu abokin Karl Marx, wanda babu mai zarginsa da son masu masaƙu, a littafinsa na 1845 a kan ma'aikatan Ingila ya amince cewa rahoton Sadler na ɓangare ɗaya ne. Daga waɗannan biyun yara za su ciro ƙa'ida da kansu, ba sai an rubuta musu ita a allo ba: maganar da mutum ya faɗa alhali ba ta taimaki hujjarsa ba ta fi nauyi. Sai a kawo Andrew Ure, mai kare masana'antu, wanda a 1835 ya kwatanta yaran masaƙa da ƴan halittu masu kuzari da aikinsu ya yi kama da wasa. A tambayi ajin: wa ya zagaya da shi cikin masaƙar? Yaro zai yi kuka gaban baƙo mai gida na tsaye? Amma ko Ure bai musa cewa yaran suna wurin ba. Wannan ma shaida ce.

Yaranmu ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani. Wanda ya zauna zauren malam a Birni ko Garin Malam ya ji ana maganar isnadi da matani, ya ji ana tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya kuwa, yaya haddarsa take. Malamin tarihi ya yi amfani da wannan, don yana rage masa rabin aiki. Sai dai ya faɗi bambancin a fili. Masanin hadisi yana ajiye riwayar wanda aka tuhuma gefe. Masanin tarihi ba ya jefar da ita, yana juya ta ne ya tambayi abin da take nunawa game da mai maganar da zamaninsa. Rubutun Ure raunanniyar shaida ce a kan rayuwar yaran masaƙa, amma ingantacciya ce a kan abin da masu masaƙu ke so jama'a su yarda da shi a 1835.

Yanzu ga dokar kanta, wadda a ganina ita ce zuciyar babin. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙu, ban da na siliki. Daga 9 zuwa 13, kada ya wuce awa 9 a rana da awa 48 a mako, kuma a ba shi karatun awa biyu kullum. Daga 13 zuwa 18, awa 12 a rana, 69 a mako. Babu aikin dare ga wanda bai kai 18 ba. A rubuta wannan a allo, sannan a yi tambaya ɗaya: in kai ne aka ɗora wa tabbatar da dokar nan, me kake bukata? A ba su minti biyar. Za su ce mutane masu zagayawa, abin hawa, tara mai zafi, alƙali marar tsoro. Sai a gaya musu cewa sufeto huɗu aka naɗa wa ƙasar duka har da Ayalan, da ƴan mataimaka kaɗan, masaƙu kuwa dubbai ne. Tarar ba ta da yawa, kuma alƙalan garuruwan masaƙu sau da yawa masu masaƙu ne ko danginsu ko abokan cin abincinsu.

In an yi sa'a wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, to yaya ake sanin shekarun yaron? In babu wanda ya tambaya, malam ya ja su zuwa wurin, don ɗalibin Damagaram ya fi ɗalibin Landan na yau saurin gane wannan. Ingila ba ta fara rajistar haihuwa ta gwamnati ba sai Yulin 1837, shekara huɗu bayan dokar. Abin da dokar ta dogara da shi takardar likita ce da ke cewa yaron yana da ƙarfi da kamannin mai shekara kaza. Iyaye na bukatar kuɗin, mai masaƙa na bukatar hannun, likita na karɓar ladansa a kan kowace takarda. Yara masu shekara 11 da 12 suka wayi gari sun zama ƴan 13. Abin ya kai wani likitan haƙori, Edwin Saunders, ya ba majalisa shawara a 1837 a riƙa duba haƙoran yara don gane shekarunsu. A ajinmu akwai waɗanda takardun iyayensu ke ɗauke da «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza, akwai waɗanda aka yi wa takardar haihuwa a gaban alƙali suna dab da jarrabawa, an rage shekara ko an ƙara. Akwai waɗanda suka ji yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunne kafin a ɗauke shi lakwal. Waɗannan ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kuma daga nan za su gane abu mai muhimmanci game da ƙididdiga: in rahoton sufeto ya nuna yara ƴan ƙasa da 13 sun ragu a masaƙu, wani kaso ragi ne na gaske, wani kaso takarda ce ta canza.

Misalan da ke ƙarfafa wannan suna da yawa, kada a cika. Biyu sun isa. Dokar Faransa ta 22 ga Maris 1841 ta hana aikin yaro ƙasa da shekara 8, amma a wuraren da ke da inji ko wuta mai ci kullum ko ma'aikata sama da 20 kawai, kuma masu sa idon manyan gari ne da ba a biyan su ko dala. Sai 1874 aka naɗa sufetoci 15 masu albashi, sai 1892 aka kafa cikakkiyar hukumar sufetocin aiki. A Ingila kuwa, yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share, an yi doka a kansu a 1788, da 1834, da 1840, da 1864, ba a daina ba sai bayan dokar 1875 da ta sa dole mai sana'ar ya karɓi lasisi daga ƴan sanda. A tambayi yara: in an maimaita doka sau biyar a kan abu ɗaya, me hakan ke gaya mana game da huɗun farko?

Lambobi suna bukatar zama na kansu, domin yaranmu suna jin tsoron musu da lamba. A rahotonsa na 1842 a kan tsabtar garuruwa, Chadwick ya kawo matsakaicin shekarun mutuwa: iyalan leburori a Manchesta 17, a karkarar Rutland 38, iyalan masu hali a Manchesta 38, a Rutland 52. Kusan kowane aji zai fassara wannan da cewa lebura a Manchesta yana mutuwa yana ɗan shekara 17. A yi musu lissafi a allo da misali na ƙirƙira, a gaya musu na ƙirƙira ne. Mutum goma sun rasu a wata unguwa, shida jarirai ƴan shekara ɗaya, huɗu manya masu shekara 41. A tara: 6 da 164, 170. A raba goma, 17. Babu ko mutum ɗaya da ya mutu yana 17. Lambar tana magana ne a kan mutuwar jarirai, wadda ita ce babbar musibar garuruwan nan. Akwai kuma abu na biyu: garin da matasa ke kwararowa cikinsa neman aiki tsofaffinsa kaɗan ne, don haka matsakaicin shekarun mamatansa zai yi ƙasa ko da lafiyarsa daidai take da ta ƙauye. Masana lissafi na zamanin Chadwick sun yi masa wannan gyara. Shin wannan ya rushe maganarsa cewa unguwannin talakawa na kashe mutane? Bai rushe ba. Mutumin ya yi kuskure a ma'auni, ya kuma yi kuskure a dalili, don ya ɗauka wari ne ke kawo cuta, amma magudanan ruwa da ruwan sha mai tsabta da ya nema sun ceci rayuka. Yaron da ya tashi a garin da ake bin layin famfo da jarka tun asuba ya san darajar wannan batu. Ɗalibin da ya iya riƙe waɗannan biyun tare, kuskuren mutum da gaskiyarsa, ya koyi tarihi.

Hoto ma haka. Malami mai waya zai iya sauko da biyu ko uku daga hotunan da Lewis Hine ya ɗauka a Amurka daga 1908, na yara a masaƙu da ramukan kwal, ya zagaya da su layi layi. Hine ma'aikacin wata ƙungiya ce mai yaƙi da aikin yara, yakan shiga masana'anta da sunan mai duba kayan kashe gobara ko mai talla, yana auna tsawon yaro da maɓallan rigarsa. Yaran na gaske ne, injunan na gaske ne. Tambayar ita ce wa ya zaɓi inda za a tsaya, wa aka bari a wajen hoton. Wannan tambaya za ta yi musu amfani a daren ranar, in sun buɗe WhatsApp.

Tambaya mafi wuya, wadda ta dace da ƴan lise, ita ce ta dalili. Aikin yara a masaƙun Ingila ya ragu cikin ƙarni na 19, wannan babu musu. Doka ce ta rage shi? Masana tarihi har yau suna ja-in-ja. Injunan kaɗi sun canza sun rage bukatar ƙananan hannuwa. Injin tururi ya maido masaƙu daga bakin rafukan ƙauye zuwa birane inda manya ke neman aiki. Albashin iyaye ya ɗan ƙaru a rabin ƙarni na biyu. Karatu ya zama tilas a Ingila a 1880, a Faransa a 1882. Kuma yawancin yara masu aiki ba a masaƙa suke ba tun farko, suna gona, suna aikatau a gidaje, suna ƙananan shaguna da dokar 1833 ba ta leƙa ba. Yaron da aka kora daga masaƙa, ina ya tafi? Ba a bukatar ɗalibi ya warware wannan. Ana bukatar ya daina rubuta cewa abu ya biyo bayan doka, saboda haka doka ce ta kawo shi. Niyyar masu gyaran ma a duba ta. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kawo inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, fanshon tsufa a 1889, a daidai shekarun da dokarsa ta 1878 ke murƙushe ƴan gurguzu. Fanshon kuma sai mai shekara 70. A bar yara su yi muhawara ko tausayi ne ko tsoro ne ko duka biyun.

Akwai shafin da littattafan da aka rubuta a Turai ke tsallakewa, mu kuwa bai halatta mu tsallake shi ba. Faransar da ta kafa sufetocin aiki a 1892, ta ba ma'aikatanta awa takwas a 1919 da hutun shekara mai albashi a 1936, ita ce ke kwasar mutane aikin dole a ƙasar nan, suna fasa hanya suna ɗaukar kaya a ka ba lada. Damagaram ce hedikwatar mulkinta a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Ba a soke aikin dole ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wakilin Kodebuwa a majalisar Faransa, dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa kuma sai 15 ga Disamba 1952, bayan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar da ya ɗauki daga Oktoban 1947 zuwa Maris 1948 da yajin gama-gari na Nuwamban 1952. A sa wa ɗalibi dokar 1892 da ta 1946 gefe da gefe a tambaye shi: kalmar ma'aikaci a ta farko, wa ta ƙunsa, wa ta bari a waje? Sannan a ba shi aikin gida: ya tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gidansu abin da suka sani game da aikin dole. Waɗanda suka yi shi da hannunsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka abin da zai samo jiyau ne. Ya rubuta wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji, a wane gari, wace hanya ko wane gini. Kada a karɓi «an ce». Kuma a auna maganar kaka da ma'aunin da aka auna Crabtree, cikin ladabi, ba don a ƙaryata ta ba. In gidaje biyar da ba su san juna ba suka ambaci hanya ɗaya, an samu abin riƙewa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. Aji ya haura mutum tamanin. Littafi babu. Manhaja doguwa ce, azuzuwan zana ba sa fara karatu sai an girbe an samu kara, ga ranakun da yajin aiki ke ci. Jarrabawa kuma hadda ta fi saka wa. Amsata ita ce ba kowane babi za a yi wa haka ba. Babi ɗaya a kowane zangon karatu ya isa, awa uku. Ga yadda zai yiwu a aji mai mutum 84. A raba su rukuni 12 na mutum bakwai, tebur biyu su juyo su fuskanci juna, kada a ce a ja tebura don minti goma za su tafi a hayaniya. Takardu huɗu, kowace kada ta wuce kalma 120, duka su shiga shafi biyu. Kofi biyu ga kowane rukuni, shafi 48 ke nan. In ana buga shafi dala biyar, jaka ɗaya da dala arba'in ne, kuma in an karɓe takardun an adana za su yi shekara uku. Inda babu ko wannan, a rubuta takarda ɗaya a allo kafin yara su shigo, ta biyu a karanta musu sau biyu. A saman kowace takarda a sa sunan mai maganar, shekara, wurin, da wanda aka yi wa maganar. Takardar da aka yanke wa wannan kai ba ta da amfani ga aikin nan.

Awa ta farko ta labari ce, malam ya yi bayaninsa yadda ya saba, don wanda bai san mece ce masaƙa ba ba zai auna shaida a kanta ba. Wannan ne kuskuren masu ɗokin sabuwar hanya: su zuba wa yara takardu babu shimfiɗa, yara su yi ta zato. Awa ta biyu ta rukuni ce: minti goma karatu da fassara kalmomi masu wuya, minti ashirin da biyar cika jadawali mai gida huɗu, wato wa ya faɗa, me ya gani da idonsa, me yake so a yi, me ba zai iya sani ba, sauran lokacin rukuni uku ko huɗu su faɗi nasu. Kada a ce duka sha biyun sai sun yi magana, na shida zai maimaita na farko ne. Gida na huɗu shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani, a nan malam zai fi zagayawa. Awa ta uku kowa ya rubuta shi kaɗai, layi goma sha biyar, a kan tambaya guda mai amsa fiye da ɗaya, kamar: dokar 1833 ta canza rayuwar yaran masaƙa kuwa?

A bar su su yi gardamar rukuni da Hausa. Takardun da Faransanci suke, rubutun ƙarshe da Faransanci zai kasance, amma yaron da ke fama da haɗa jimla ba zai iya fama da Sadler a lokaci guda ba, sai ya yi shiru, mutum biyu masu Faransanci su kwashe zancen. A kula kuma da wanda ke riƙe da alƙalami a rukuni, a riƙa juya shi, a tabbata ƴan mata na samu. Wajen fassara shaidar Crabtree daga Ingilishi, a bar ta tambaya da amsa yadda take. Wasu littattafai suna narkar da ita ta zama labari guda a bakin mai shaida, tambayoyin su ɓace, abin da muke so yara su gano ya tafi tare da su.

Maki shi ne ke gaya wa ɗalibi abin da malam ke so da gaske. In aka yi awa uku ana auna shaida sannan jarrabawa ta tambayi shekarar dokar kaza, yara sun gane wasa aka yi. A kan 20, ina ganin a ba 4 ga matsayi bayyananne, 6 ga kawo shaida daga takardu biyu aƙalla da ambaton mai ita, 6 ga faɗin ƙarfi da raunin kowace shaida, 4 ga kawo abin da ya saɓa wa matsayinsa da amsa shi. Wanda ya ce dokar ta yi aiki da wanda ya ce ba ta yi ba duk suna iya samun 18. Wanda ya rubuta «yana da son rai» bai ƙara komai ba, sifili a wannan gida. Wannan shiri ne kai tsaye ga sharhin takarda da ke jiransu a bak, jarrabawar gama lise, saboda haka ba lokaci aka sace wa manhaja ba.

Wasu za su so a ƙarasa da yau: dokar aikin Nijar ta 2012 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, ga kuma yara a wurin fasa dutse, a majema, a gareji, a ramukan zinariya. A yi, amma a ƙarshe, kuma da taka-tsantsan. A cikin ajin akwai wanda daga makaranta can zai wuce, da kuɗin ake sayen kayen da yake rubutu a ciki. Kada darasi ya zama tuhumar iyayensa. Tambayoyin da aka yi wa 1833 su za a maimaita: wa dokar ta ƙunsa, wa ke sa ido, da me ake gane shekaru, wa ya ƙirga, in an hana yaron ina zai tafi. Malam ya riƙe nasa ra'ayin, ya bar su su nemo abin da za a bukata kafin a amsa.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki, kuma bai kamata kowane malami ya yi ta fama shi kaɗai da fassara a waya ba. Masu kula da koyar da tarihi na jiha, da malaman Jami'ar André Salifou, da malaman lise kaɗan masu sha'awa za su iya zama su fitar da ɗan kundi na shafi goma sha biyu: shaidar Crabtree, sakin layi daga hukumar 1833, na Ure, na Engels, sassan dokar 1833 da ta 1841, jadawalin Chadwick, dokar 1946, da rahoton wani kwamandan zamanin mulkin mallaka a kan aikin dole daga ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai. Duk takardun Turai da na ambata sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, suna intanet kyauta. Kowace a sa mata kanta, da bayanin layi uku don malami kaɗai a kan tarkon da ke cikinta. A tura kundin ta waya zuwa Mirya da Magarya da Matamaye da Gure da Tanut, kowace makaranta ta buga gwargwadon ƙarfinta.